Agadas Bayan Faɗuwar Rana: Ɗaukar Hoto Ba Tare da Ƙafa-Uku Ba

Rana tsaka ba lokacin mai ɗaukar hoto ba ne a Agadas. Haske yakan yi yawa har jan ginin ƙasa ya koɗe a ido, inuwa ta yi baƙi ƙirin, mutane kuma kowa ya shige zaure ko rumfa. Garin yana farfaɗowa ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, wato daidai lokacin da haske ke yi wa kyamara ƙaranci. Na san da haka tun ina Kano, amma da gangan na bar ƙafa-ukun da nake ɗora kyamara a kai. Dalilina na farko motar haya ce: wanda ya san yadda ake cusa kaya da mutane a hanyar nan ba zai so ya ƙara wa kansa sandunan ƙarfe ba. Na biyu ya fi nauyi. Mutumin da ya rataya 'yar kyamara a wuya baƙo ne kawai da ya zo ganin gari. Wanda ya kafa ƙafa-uku a tsakiyar titi kuwa ya zama ɗan jarida ko mai shirya fim, sai tambayoyi su biyo baya, tun daga jandarma har mai unguwa, kuma duk wanda ke wurin sai ya gyara zama ya daina abin da yake yi. Ni kuwa abin da suke yi ɗin na je nema.

Mun fita ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka bi ta Matamai zuwa Damagaram, inda na kwana. Daga can zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisinat. Da an wuce Tanut gonakin gero suke fara ja da baya, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyin makiyaya. Hunturu ne, ƙura ta rufe sama. Kyamarar tana ƙunshe a leda cikin jaka, kuma ban ciro ta ba a kowane shingen jami'an tsaro. Duk wanda zai bi hanyar nan ya riƙe wannan: soja da shinge da bariki ba abin ɗauka ba ne, ko da rana ko da dare.

Ido ɗaya, wato gilashin da ake ɗaura wa gaban kyamara, na ɗaura mata tun daga gida, ban kuma cire shi ba har na dawo, don buɗe cikin kyamara a wannan ƙurar neman wahala ne. Mai milimita 35 ne, wanda ƙofarsa ta shigar haske ke buɗewa har f/1.8 (yadda lambar f ta ƙanƙanta, haka ƙofar ke faɗi). Idon da ake sayar da kyamara da shi, mai zuƙowa daga 18 zuwa 55, idan ka zuƙo shi har ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai bambancin haske kusan ninki goma. Wato hoton da mai idon farko zai ɗauka a 1/60 na daƙiƙa, mai na biyu sai ya bar kyamara a buɗe kusan 1/6, kuma babu hannun da zai tsaya cik tsawon wannan lokaci a tsaye. Ga shi irin wannan idon yana cikin masu araha. Idan mutum ya tambaye ni me zai fara saya don hoton dare, shi nake faɗa masa, kafin sabuwar kyamara, kafin filasha.

Mai masaukina dattijo ne ɗan kasuwa, wanda ya yi shekaru yana saro turkudi a Kura yana kawo wa Buzaye, don haka Kano ba baƙuwarsa ba ce. Da Hausa ake ciniki a Agadas, da ita ake faɗa, da ita ake shiri, sai dai kunnen Bakano yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya saba da karin harshen. Da muka yi la'asar ya ce, “Malam, tashi mu je ka ga abin da ya kawo ka tun rana ba ta faɗi ba.” Muka ratsa lunguna har muka ɓullo filin da ke gaban babban masallaci, kusa da fadar Sarkin Abzin. Hasumiyar nan da ake gani a hotuna tsawonta mita 27 ne, duk da ƙasa aka gina ta, tana tsukewa yayin da take yin sama, itatuwa sun fito daga jikinta jere-jere, waɗanda magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Mutanen gari suna danganta ginin farko da wani bawan Allah mai suna Zakariya, wajen shekarar 1515, an kuma sake gina ta a 1844, 'yan shekaru kafin Bature Heinrich Barth ya sauka a garin a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Daura da masallacin akwai ginin da ake dangantawa da Kawusan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917.

A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma a ƙasashenmu hasken da ke biyo bayanta ba ya jimawa, bai kai rabin awa ba duhu ya shigo. A cikin wannan ɗan tsakanin ne sama ke yin shuɗi mai zurfi, jikin hasumiya kuma ya yi ja, haskensu ya zo kusan ɗaya. Babu lokacin latse-latsen neman saiti. Abu uku ne kawai a hannun mai kyamara: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da za a bar ta a buɗe, da ISO, wato yawan ƙarfin da kyamara za ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu. Idan ka ninka lokaci ko ISO, hasken hoto ya ninku sau biyu, idan kuwa faɗin ƙofa ka ninka, ya ninku sau huɗu. Wanda rawar hannu ke shafa shi ne lokaci, kuma akwai tsohuwar ƙa'ida a kansa: kada lokacin ya fi ɗaya bisa lambar idonka tsawo. Mai ido 50 ya tsaya a 1/50 ko abin da ya fi shi sauri, mai ido 200 ya nemi 1/200. Irin kyamarata, da yake abin kama haskenta ƙarami ne, ana ninka lambar sau ɗaya da rabi, don haka 35 ɗina ya zama kamar 52, iyakata ke nan 1/60. Sai na kafe lokacin a nan, na sa ƙofa a f/2.8 don ginin ya fito tas daga sama har ƙasa, na bar ISO ita kaɗai tana hawa. Ta fara daga 200. Kafin ladan ya gama kiran magariba ta haura 800, na mayar da kyamara jaka muka shiga sahu.

Ƙa'idar nan ta mutumin da ya iya tsayuwa ce. Wanda ya miƙa hannuwa gaba yana kallon allon bayan kyamara, ko 1/100 ba lallai ta cece shi ba. Yadda nake yi shi ne in ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan yi gaba, in manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, tafin hagu ya tallafo idon kyamara daga ƙasa, in danna kyamarar a goshi ina leƙawa ta ɗan ramin leƙe. Hannu biyu da goshi sun zama madogara uku ke nan. Maɓallin kuwa ba a dukansa, ana matsa shi ne a hankali da tsokar yatsa har ya tafi da kansa, kuma ba a ɗaga yatsan nan take. Yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi a wannan ɗan bugun yatsan suke lalacewa. Sannan ina sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere: na farko yakan kwashi motsin dannawa, na ƙarshe na sakewa, na tsakiya su ne ake samun mai kyau a ciki. Idan kuma akwai bango kusa, to kafaɗa ta same shi. Agadas dai ba ta rasa bango ba.

Washegari da hantsi na koma masallacin, na sami dattijon da ke kula da shi a inuwa, na durƙusa muka gaisa. Na ce, “Baba, ko za a yarje mini in hau hasumiya?” Ya dubi jakata ya ce, “Hau mana, ɗana, amma ka bar wannan a nan, ba za ku wuce tare ba.” Gaskiyarsa. Matakalar tana zagaya cikin ginin ne, kuma kana hawa tana ƙara matsewa, har ta kai sai ka karkata kafaɗa ka sunkuya, can sama ma sai da rarrafe. Akwai jemagu, kana jin warinsu kafin ka ji fukafukansu a kunne. Haske ba ya shigowa sai ta 'yan ƙananan tagogi da aka huda a bango, kowace ta zubo nata a kan matakala biyu ko uku, sauran wurin duhu. Ko da na zo da ƙafa-uku, babu inda zan ware ta a nan. Na zauna a kan wata matakala, na jingina baya da bango, na tokare ƙafa da bangon da ke gabana, na ɗora gwiwoyin hannu a kan gwiwoyin ƙafa. A irin wannan zama na sauko har 1/8 na daƙiƙa, nesa da iyakar da ƙa'ida ta ba ni, kuma a cikin jerin da na ɗauka an sami waɗanda sawun yatsun magina ya fito raɗau a jikin yaɓen.

Abu biyu na kula da su a wurin. Na farko, kyamara ba ta iya kama saiti, wato daidaita ido don abu ya fito sarai, a kan baƙin bango, sai ka ji idon yana kai da kawowa yana nema. Tana buƙatar gaɓa, wurin da haske da duhu suka haɗu, don haka na ɗora ɗigon saitin a bakin matakalar da hasken taga ya yanka. Na biyu, idan ka bar wa kyamara ta auna hasken da kanta, za ta ga duhu ya yi yawa ta yi ƙoƙarin mayar da shi rana, sai ta tsawaita lokaci, wurin da ke da haske ya ƙone ya yi fari fat, hoton kuma ya girgiza. Na rage mata awon da mataki ɗaya da ɗan wani abu (rage mataki ɗaya shi ne rage rabin haske). Wurin duhu ne, ya kamata ya fito da duhunsa, ragewar kuma ta ba ni saurin da nake nema kyauta. Daga ƙololuwa kuwa gari ne shimfiɗe, soraye ja-ja da farfajiyoyi, ga duwatsun Abzin can arewa cikin hazo. A nan hasken ya isa har ya yi yawa, ban daɗe ba na sauko.

A cikin tsohon gari akwai gidan da ake kira gidan Sidi Ka, wasu su ce gidan mai burodi, wanda aka yi wa cikin ɗakunansa ado da zanen ƙasa mai tudu da kwari tun daga ƙasa har rufi. Irin wannan ado filasha ce babbar maƙiyiyarsa. Idan haske ya fito daga saitin kyamara ya daki bango kai tsaye, inuwar zanen ta ɓace, sai bangon ya zama shafaffe. Hasken da ke shigowa ta ƙofa daga gefe shi ne ke fito da kowane layi, amma kaɗan ne ƙwarai, ga shi ina son ƙofar ido ta tsuke zuwa f/5.6 don kusa da nesa duk su fito. Lissafi ya ba ni daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a ISO 400. Wannan ya fi ƙarfin kowane irin riƙo. Tun da safe na sayi gero gwangwani biyu a kasuwa na ɗura a cikin safa na ƙulle bakinta. Na ajiye safar a kan dakalin da ke bakin ƙofa, na nutsa kyamara a cikinta, na yi ta gyara ta har ta kalli inda nake so. Gero yana bin siffar abin da aka ɗora masa ya riƙe shi, ba ya santsi, ba ya rawa. Na sa agogon kyamara na daƙiƙa biyu, na danna, na janye hannu, na tsaya cik har ta gama. Wannan agogon yana da muhimmanci, don in ka danna da yatsa kyamara na kan safa, ka mayar da rawar da ka gudu. Masu kyamara mai madubi a ciki su ƙara da ɗage madubin tukuna, saboda bugunsa ma yana girgiza hoto a irin wannan lokaci. Safar nan ta yi mini aiki a kan katanga, a kan buhun gawayi, a kan sirdin babur, har a ƙasa. Aibinta ɗaya, inda ka sami abin ɗorawa nan za ka tsaya, ba inda ranka ya so ba, amma sau da yawa hoton da aka ɗauka daga ƙasa-ƙasa ya fi na tsaye daɗin kallo.

Duk waɗannan dabaru na abin da ba ya motsi ne. Bango zai jira ka daƙiƙa biyu, mutum ba zai jira ba. Wannan na gani da kyau a maƙerar wani maƙerin azurfa da mai masaukina ya kai ni bayan isha'i. Ɗaki ne ƙarami, maƙerin yana zaune a ƙasa da rawaninsa, ga ƙaramar uwar maƙera a kafe a gabansa, ga awartaki da magagari da ƙananan guduma a kan buzu, wani yaro yana gefe yana zuga. Irin abin wuyan nan na azurfa da aka san Agadas da shi yake yi. Da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun, sannan a shiga aikin gogewa da zane. Sai da aka sha shayi, aka yi hira a kan farashin azurfa da ƙarancin baƙi, kafin na nemi izini. Ya ce, “Bismilla, Malam. Wutar ta ishe ka, ko a kunna tocila?” Na ce, “A bar ta haka, Maigida, yaron nan dai ya ci gaba da zuga.”

Dalilina shi ne na lura duk sanda yaron ya danna zugazugi, garwashin yakan tashi ya haske fuskar maƙerin da hannuwansa, sannan ya lafa. Hasken ɗakin yana hawa yana sauka, don haka na daidaita dannawata da hannun yaron. Na buɗe ƙofa gaba ɗaya zuwa f/1.8, na kai ISO 3200, na sami 1/125. Mutumin da ke zaune yana magana, 1/60 takan isa idan ka jira ya kai ƙarshen zance. Mai aiki da hannu yana son 1/125 ko fiye, mai tafiya 1/250. Guduma kuwa ko wannan ba ta tsayar da ita, sai dai ka kama ta a sama, a ɗan tsayawar da take yi kafin ta sauko, ko ka bar ta ta yi jirwaye, fuskar mai ita ta fito tas. Na fi son na biyun, don ya fi nuna aiki ake yi. Wata wahalar ita ce a f/1.8, daga nisan mita ɗaya, abin da zai fito sarai bai wuce zurfin santimita shida ba. Idan saiti ya faɗa a kan gefen rawani, idanu sun tafi. Na riƙa ɗora ɗigon a kan idon da ya fi kusa da ni, ina sabunta shi duk sanda ya sunkuya ko ya ɗago. Can ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Kai ma ashe kana ɗauke numfashi kamar maharbi.” Na ce haka ne, amma ba a cika ƙirji a riƙe, jiki yakan ɗauki rawa. Ana sakin numfashi ne a hankali, idan ya kusa ƙarewa a danna.

Masu kyamara ko ido mai na'urar hana rawa suna da sauƙi a kan matakalar hasumiya, don takan ba su mataki uku ko huɗu, wanda iyakarsa 1/60 ya sauko 1/8 ko 1/4 a tsaye. Amma a maƙera ba ta da abin da za ta yi musu. Rawar hannunka take gyarawa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Na sha ganin mutum ya sayi kyamara mai tsada saboda wannan na'ura, ya je biki da dare, ya dawo da hotunan da kujeru da labule suka fito fes, fuskokin mutane kuwa duk sun shafe.

A nan ne nake saɓawa da yawancin abokan sana'a. An tsorata mutane da ISO, an ce kada a wuce 400 ko 800 don hoto zai yi tsaki-tsaki. Gaskiya ne zai yi. Amma hoton da ya yi tsaki-tsaki ana ganin idon mutum a cikinsa, ana ganin zanen azurfa, kuma manhajojin gyaran hoto suna rage tsakin sosai, musamman idan an ɗauka a ɗanyen fayil na RAW. Hoton da ya girgiza kuwa ya tafi ke nan, abin da ya shafe ba ya dawowa. Da babu gara ba daɗi. Kuma ba lambar ISO ce ke kawo yawancin tsakin ba, ƙarancin hasken da ya shiga ne. Wanda ya ƙi ɗaga ta, ya ɗauki fuska a duhu da niyyar ya haskaka a kwamfuta, sau da yawa abin da zai samu ya fi muni. Ni dai tsarina a fili yake: in buɗe ƙofa, in zaɓi lokacin da zai tsayar da hannuna da wanda nake ɗauka, ISO kuma ta je duk inda za ta je.

Kasuwar dare ta fi ko'ina sauƙi da wuya a lokaci guda. Masu tsire da masu shayi da masu kilishi kowa da fitilarsa, wani ƙwan lantarki, wani 'yar fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana. Dabarar ita ce ka bar neman haskaka duhu, ka nemi inda hasken yake ka jira mutane su shigo cikinsa. Na tsaya gefen teburin wani mai tsire, bayan na saya na kuma tambaye shi, fitilarsa tana dukan fuskokin masu saye daga gefe, na sami 1/125 a f/2 ba tare da wahala ba. Filasha ban ko kunna ta ba. Ban da firgita mutane da take yi, a hunturu tana haska ƙurar da ke yawo a gaban ido, hoto ya cika da fararen ɗigo. Wani abin lura shi ne ƙwayayen da ke kan wutar gari. Wasunsu suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani, amma kyamara tana gani idan saurinta ya wuce haka, sai hoto ɗaya ya yi haske na kusa da shi ya yi duhu, ko ka ga ratsi-ratsi a kwance. Da na ga haka a wani shago na dawo 1/100, abin ya daidaita. Mata kuwa ban ɗauki ko ɗaya ba sai wadda ta amsa da bakinta, kuma waɗanda suka ƙi sun fi yawa.

Inda babu bango babu dakali, kamar filin kasuwar dabbobi da asuba, igiya na yi amfani da ita. Akwai ɗan kusa mai zobe da ke shiga ramin ƙasan kyamara, shi na zo da shi a aljihu. Na ɗaura masa igiya mai tsawon da zai kai ƙasa, na taka bakinta, na ja kyamara sama har igiyar ta miƙe. Jan da kake yi yana rage rawar sama da ƙasa. Kada dai a sayi kusan milimita 6 a wurin masu kayan babur a murɗa a ramin, ya yi kama da shi amma zarensu ba ɗaya ba ne, zai cinye ramin. Wanda ba shi da kusan, ya rataya maɗaurin kyamara a wuya ya tura ta gaba har maɗaurin ya ɗaure, shi ma yana taimakawa.

Daren da zan taso, a tasha, wani saurayi da ya ga kyamara a wuyana ya matso da wayarsa. Ya ce, “Yaya, duba mini, me ya sa in na ɗauki abokaina da dare ba sa fitowa, alhali wayar tana da tsarin dare?” Na duba. Motocin da ke bayansu sun fito, su ne suka shafe. Na ce masa, “Ƙanena, wayar ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Da yawa take ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku ta haɗa su wuri guda, don haka duk wanda ya motsa a tsakani ya ɓata nasa.” Na sa ya goge idon wayar da gefen rigarsa, don maiƙon yatsa da ƙura su ne ke sa fitilu su yi dogayen wutsiyoyi. Na ce ya bar zuƙowa, ya taka da ƙafarsa ya matsa, saboda babban idon waya ya fi sauran shan haske. Ya juya abokan suka fuskanci fitilar mai shayi maimakon su ba ta baya, ya jingina wayar a jikin wata mota da aka kashe injinta, ya taɓa fuskar na tsakiya a allo, ya ce kowa ya tsaya. Da hoton ya fito suka taru a kansa suna ta surutu, har wani ya ce a sake da shi a gaba.

Tantance hotuna sai da na dawo Kano. A ɗan allon bayan kyamara kusan komai yakan yi kyau, sai an buɗe a kwamfuta an zuƙo har ƙarshe ake sanin na ajiyewa da na zubarwa, kuma a aikin dare na zubarwa sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka mai niyya ya tafi da katin ajiya mai faɗi da batir na biyu. Na maƙera da aka ɗauka a ISO 3200 suna da tsakinsu idan an zuƙo. Na kai aka wanke mini su a girman katin gaisuwa, a kan takarda kuwa sai mai nema ne zai gan shi. Na sa su a ambulan na ba wani direban da ke zuwa Damagaram, shi kuma ya miƙa wa na Agadas, mai masaukina ya karɓa ya kai wa maƙerin. Saƙon da ya dawo mini shi ne yaron mai zuga yana tambaya ina nasa shi kaɗai, don a duk hotunan gefen fuskarsa kawai ya fito.